Shekara goma sha ɗaya ba hutu: wa zai biya Kawu?

Kawuna ya yi shekara 33 riƙe da sitiyari a wata ma'aikatar sufuri ta gwamnati da ba zan kama sunanta ba. Da na je gaishe shi a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi da ke Kano bayan ya ajiye aiki, na tarar da shi a zaure ya baje takardu a kan tabarma, ya danne wasu da kofin shayi, wasu da tocila, don kada iska ta kwashe. A hannunsa akwai tsohon littafin rubutu irin na 'yan firamare, mai jadawalin sau a bayan bango. A ciki ya jera shekaru goma sha ɗaya da bai tafi hutu ba, kowace ya rubuta 21 a gabanta, ya ja layi a ƙasa ya sa 231.

Ya ce, "Kwana ɗari biyu da talatin da ɗaya nake bin su. Wata bakwai da sati uku. Kai da ka yi boko, buga mini nawa ke nan."

Na ce, "Kawu, lokacin da ake hana ku tafiya, ana ba ku a rubuce?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi ko mota na shan kunu. "Wace takarda kuma, ɗan nan? Oga ne zai dafa kafaɗarka ya ce, Malam, ka ga Sallah ta matso, motoci uku ne a kan hanya, yi haƙuri sai bayan Sallah. Bayan Sallah a ce ɗalibai za su koma makaranta. Daga nan wani direban ya kwanta rashin lafiya. Kai za ka ce wa oga ya rubuta maka?"

Duk abin da zan faɗa a ƙasa yana cikin wannan amsar tasa.

Da farko sai an raba tsaki da tsakuwa, domin abu uku mutane ke kira kuɗin hutu. Akwai albashin da ke ci gaba da shiga alhali mutum na gida yana hutawa. Akwai alawus ɗin hutu, wanda a al'adar aikin gwamnati kashi 10 cikin 100 ne na tsurar albashin shekara, kuma shi ne wanda ake yawan jin ƙungiyoyin ƙwadago na cewa an riƙe musu. Wannan idan ba a biya ba, bashi ne kai tsaye, takardar albashi ma ta isa shaida. Na ukun shi ne na Kawu: kwanakin da ya kamata mutum ya huta bai huta ba, yanzu ya bar aiki yana so a mayar masa da su naira. Nan ne ake kai ruwa rana.

Dokar Ƙwadago ta Najeriya tsohuwa ce. Asalinta dokar soja ce ta farkon shekarun 1970, aka sake shigar da ita kundin dokokin tarayya na 2004. Sashe na 18 shi ya yi magana a kan hutu. Ya ce duk wanda ya yi wata goma sha biyu a jere yana aiki, yana da hutun aƙalla kwana shida na aiki da cikakken albashi. Kwana shida fa, ba sati shida ba. Ya ce ana iya ɗage hutun idan mai aiki da ma'aikaci sun amince, amma kada ɗagewar ta sa mutum ya wuce wata 24 yana aiki ba hutu. Sannan ya ƙara wata magana da mutane ba su cika sani ba: haramun ne a dokance mai aiki ya ba ma'aikaci kuɗi a madadin wannan hutu matuƙar aikin bai ƙare ba.

Wannan hanin yana da hikima, kuma babu inda hikimar ta fi fitowa irin harkar tuƙi. Da an bar ƙofar a buɗe, kowane direba mai iyali zai zaɓi kuɗin, ya ci gaba da zarya tsakanin Kano da Maiduguri ido jajir, da goro a kunci da fasinja sha takwas a bayansa. Hutun direba ba nasa ne shi kaɗai ba, har da na wanda ya ɗauko. Amma a lura da lafazin: "matuƙar aikin bai ƙare ba." Daga nan masana doka ke fahimtar cewa da zarar aiki ya ƙare, ko ta ritaya ko ta sallama, hanin ya faɗi, biyan kuɗi ya halatta, tunda babu sauran hanyar ba mutum hutu daga aikin da ya riga ya bari.

Sai dai halatta daban, wajabta daban. Abin da sashen ya wajabta ƙarara kaɗan ne. Ya ce wanda ya bar aiki bayan ya yi aƙalla wata shida tun lokacin da ya cancanci hutunsa na ƙarshe, a biya shi wani kaso na albashin sati guda, gwargwadon watannin da ya yi cikin goma sha biyu. Mu buga misali da mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka sa wa hannu a 2024, naira 70,000. Albashin sati ɗaya ya kama wajen naira 16,150. Wanda ya yi wata tara zai sami kashi uku cikin huɗu, wato naira 12,100 da 'yan kai. Sashe na 19 kuma ya ce wajen wannan lissafi ba a sa alawus-alawus da kuɗin ƙarin lokaci, ga shi direban dogon zango galibi alawus ɗin kwanan hanya ne ke riƙe da gidansa. Da na gaya wa Kawu wannan adadi, shiru ya yi, sannan ya ce, "Ko buhun masara bai kai ba."

Kuma ba kowa dokar ta kira ma'aikaci ba. Sashe na 91 ya taƙaita sunan ga masu aikin ƙarfi da masu aikin akawu. Direba ya shiga, kwandasta ya shiga, mai yankan tikiti da mai wankin mota sun shiga. Manaja da akanta da injiniya an fitar da su, haka ma'aikatan cikin jirgin sama da na ruwa, waɗanda ke da nasu dokokin. Su waɗannan sai abin da takardar ɗaukarsu aiki ta ce. Direbobin da ke lodi a Unguwa Uku ko Ƙofar Ruwa, masu kai wa mai mota balas kullum, da 'yan adaidaita sahu, maganarsu daban ce gaba ɗaya: ranar da ba su fita ba, ranar ba a ɗora tukunya ba, kalmar hutun shekara ma ba ta cikin ƙamus ɗinsu.

To ina Kawu ya samo 21? Daga ƙa'idojin aikin gwamnati. A kundin tarayya, mai matakin albashi na 7 zuwa sama yana da kwana 30 a shekara, na 4 zuwa 6 kwana 21, na 3 zuwa ƙasa kwana 14. Jihohi suna da nasu kundin, galibi an ɗora shi a kan na tarayya, hukumomi irin na sufuri kuma kan sami ɗan littafin sharuɗɗan aiki na kansu. Saboda haka tambayar farko ga duk tsohon ma'aikaci ita ce, wane littafi ne ya hau kaina? Wanda ya yi aiki a Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, wadda aka kafa a 1955, na tarayya ne ko da duk rayuwarsa a tashar Kano ya yi ta. Wanda ya tuƙa motar jiha, na jiha ne.

Kundin da ya ba da kwana 21 da hannun dama, ya sa sharaɗi da na hagu. Ƙa'idar tarayya ita ce hutu na shekararsa ne. Wanda bai tafi ba har shekara ta fita, ya bi ruwa, ba a tara shi kamar adashi. Mafita ɗaya ce: shugaban ma'aikata mai ikon yin haka, kamar babban sakatare, ya amince a ɗage hutun saboda larurar aiki. Ba ogan da ke tsaye a bakin gareji ba, kuma ba da fatar baki ba. Ko wanda aka ɗage ɗin ma, abin da ake so shi ne mutum ya cinye shi kafin ranar ritaya. Ba a mayar da shi kuɗi sai ga wanda aka yi wa ritayar dole kafin lokacinsa, har bai sami damar cinye kwanakin ba. Wanda ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, ya ba da sanarwar wata uku kamar yadda aka tsara, ana ganin ya san ranar tafiyarsa tun da daɗewa, don haka laifinsa ne da bai huta ba.

A takarda wannan tsari yana da ma'ana. A ofishin da ke Sakatariyar Audu Baƙo, inda mutum zai tura fayil ga na kusa da shi ya tafi ƙauye wata guda, yana iya aiki. A gareji ba ya aiki. Mota ba fayil ba ce da za a tura wa na kusa. Ma'aikatar da ba ta ɗauki sababbin direbobi ba shekara da shekaru, da guminsu Kawu take cike giɓin. Ita ce ta hana hutun, ita ce ke riƙe da rajistar hutun, ita ce kuma ranar ritaya za ta ce ina shaidarka. A ganina wannan ba adalci ba ne, ko da kuwa doka ce. Wanda ya ci ladan kuturu shi ya kamata ya yi masa aski.

Akwai ƙasashen da suka juya nauyin. A Tarayyar Turai doka ta ba kowane ma'aikaci hutun sati huɗu, ita ma ta hana a musanya shi da kuɗi sai aiki ya ƙare. A watan Nuwamba na 2018, babbar kotun tarayyar ta yanke hukunci a kan wasu ƙararraki daga Jamus cewa hutu ba ya faɗuwa don kawai ma'aikaci bai nema ba. Mai aiki ne zai kawo hujjar cewa ya ba shi dama, ya kuma gargaɗe shi cewa in bai tafi ba zai rasa. In ya kasa, sai ya biya. A rana ɗaya kotun ta ce idan ma'aikacin ya rasu, magadansa na iya karɓar kuɗin. A Indiya kuwa tsarin ma daban ne tun daga tushe: ƙa'idojin hutu na 1972 sun ba ma'aikacin gwamnatin tarayya damar tara hutu, kuma a yau ana biyansa har na kwana 300 ranar da ya yi ritaya. Kotunan can sun sha cewa irin wannan haƙƙi dukiya ce da sashe na 300A na tsarin mulkinsu ya kare, sun kuma sha ƙin karɓar hanzarin "babu kuɗi" daga hukumomi, har da na motocin bas na jihohi.

Na kawo waɗannan ne saboda irin labaransu kan yi yawo a wayoyin 'yan fansho, a karanta kan labari a ce ai kotu ta ce dole a biya. Wace kotu? Hukuncin Indiya ba ya ɗaure alƙali a Kano. Can an rubuta kwana 300 a ƙa'ida, nan an rubuta akasin haka. Ita ma yarjejeniya ta 132 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1970, wadda ta ce hutu kada ya gaza sati uku kuma a biya wanda ya rage idan aiki ya ƙare, Najeriya ba ta cikin ƙasashen da suka ɗaure kansu da ita.

Amma ba a rufe ƙofa ruf ba. Gyaran tsarin mulki na uku, na 2010, ya sa sashe na 254C, wanda ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon sauraron duk wata rigimar aiki ita kaɗai, kuma tana da reshe a nan Kano. Sashen ya ba ta damar duba abin da ake kira rashin adalci a wurin aiki, da kyakkyawar al'adar ƙwadago ta duniya. Ta wannan tagar ce lauya zai iya shigo da hujjar Turai, ba a matsayin umarni ba, a matsayin misali: ya ce ya mai shari'a, wanda ya hana hutu bai kamata ya ci ribar hanin ba. Sashen ya kuma ba kotun ikon fassara yarjejeniyar da ƙungiya ta ƙulla da hukuma da aiwatar da ita. Wannan babba ne, domin a da ana ɗaukar irin wannan yarjejeniya kamar alkawarin dattako kawai, sai in an shigar da ita takardar aikin mutum. Idan ƙungiyar su Kawu ta taɓa zama da hukuma aka sa hannu cewa za a biya hutun da aiki ya cinye, to wannan takarda ta fi littafinsa mai jadawalin sau nauyi sau dubu.

Kotun nan fa ba ta aiki da tausayi. Ƙa'idarta a kan neman kuɗi sananniya ce: ka nuna takardar da ta ba ka haƙƙin, da shafi da sakin layi, sannan ka nuna yadda ka buga lissafin har ya kai adadin da kake nema. Wanda ya shiga ya ce ina bin su wata bakwai da sati uku, ya rantse da girman Allah, zai fito hannu rabbana, ko da alƙalin ya yarda a ransa cewa gaskiya yake faɗa. Abin da ke tsayawa a gabanta shi ne takardar neman hutu da aka buga wa hatimin karɓa, amsar da ta ce an ɗage, jadawalin fita aiki da ke nuna mutum na kan hanya a watan da ya kamata yana gida, da takardun albashi. Dokar Ƙwadago ta wajabta wa mai aiki ajiye bayanan albashi da yanayin aiki, amma na shekara uku ne kawai. Fayil ɗin shekara goma sha biyar baya kuwa, kowa ya san gara da ɗigar rufi ba sa jiran shari'a.

Sai maganar lokaci, wadda ta kashe ƙararraki da yawa tun ba a saurare su ba. Akwai Dokar Kare Jami'an Gwamnati da ta ce ƙarar da za a kai hukuma kan abin da ta yi a bakin aiki, a shigar cikin wata uku. A 2019 Kotun Ƙoli ta ce wannan wa'adi bai shafi kwantiragin aiki ba, 'yan ƙwadago suka yi murna, amma daga baya an sami hukunce-hukuncen da suka sake aiki da shi. Mai hankali ba zai jingina da bangon da ke rawa ba. Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ta tarayya, wadda aka kafa a 1975, kyauta take sauraro ba sai da lauya ba, amma ita ma ba ta karɓar koken da ya wuce wata goma sha biyu. Tsohon ma'aikaci kuwa shekarar farko yakan ƙare ta ne yana bin garatuti, yana tsoron kada ya tayar da maganar hutu a ɓata rai a danne masa babban fayil. Kafin ya waiwayo, lokaci ya yi halinsa.

Ko an ci shari'a ma, karɓar kuɗi wani yaƙin ne. Gwamnatin Obasanjo ta rushe kamfanin jiragen sama na ƙasa, Nigeria Airways, a 2003. A 2018 aka saki wajen naira biliyan 22 don biyan wani ɓangare na haƙƙin tsofaffin ma'aikatansa, bayan da yawa sun riga mu gidan gaskiya. Wancan haƙƙi ne da babu wanda ya yi musun sa.

Shi Kawu ba ta wannan fuskar yake kallon abin ba. A wurinsa magana ce ta haƙƙi, irin wanda ake tsayawa a kansa gobe ƙiyama. Ya kawo mini hadisin da ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, da wanda ya ce jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne. Ya ce, "In na mutu ba su biya ba, ka sa a rubuta a cikin abin da na bari. Na marayu ne." Wannan kam haka yake: bashin da ya tabbata ana bin wani yana shiga cikin dukiyar da magada za su raba. Kalmar da ke da wuya ita ce "ya tabbata."

Muka shiga tonon takardun ɗaya bayan ɗaya, daga la'asar har aka kira magariba. Takardar ɗaukar aiki tana nan, ta yi ja, an manne ninkinta da salatif. Takardun ƙarin girma uku. Wata takardar yabo ta shekarar da ya yi ba tare da ko ƙwarzane a jikin mota ba. Takardar tuhuma guda, kan ya ɗauki buhun albasa a Wudil ba tikiti, wadda ya yi sauri ya tura ƙarƙashin tabarma. Can ƙasan jakar, cikin ambulan ɗin katin asibiti, muka ci karo da guda biyu. Ɗaya an buga ta da tafireta, da sa hannun shugaban ma'aikatar da hatimi, tana cewa an ɗage hutunsa na wannan shekara saboda ƙarancin direbobi. Ɗayar kwafin kabon ce ta takardar da shi ya rubuta yana neman hutu, wani ya ja biro a gefe ya sa "a jira," ya yi wani sa hannu da ba ya karantuwa, ba kwanan wata.

Na ce, "Kawu, wannan ta farkon kwana 21 ce mai ƙafafu. Ta biyun sai an nemo mai sa hannun, in yana raye. Kuma duka biyun sai mun ga abin da littafin ma'aikatarku ya ce, tunda ku ba ritayar dole aka yi muku ba."

Ya ɗauki biro ya daɗe yana kallon 231. Bai soke ta ba. A ƙarƙashinta ya rubuta 42, ya zagaye. Ya ce sakataren ƙungiyarsu na wancan zamani yana nan a Sheka, ya tsufa amma ba ya yar da takarda, in akwai yarjejeniya yana da kwafi. Ya miƙo mini takardun biyu da naira ɗari biyu, ya ce in yi hoton kowace guda uku-uku a bakin titi, kada in bar yaron shagon ya riƙe na ainihin, in dawo da su kafin isha'i.